Likita, wai ciwon ciki gado ne? Amsa ga 'yar uwa daga Ƙauran Namoda

Wata baiwar Allah daga Ƙauran Namoda ta turo man tambaya tun wancan makon, ban samu zama ba sai yau, a yi man haƙuri Hajiya. Ga abin da ta ce a taƙaice: "Likita mu gidanmu kowa da ciwon ciki, babanmu olsa, yayata olsa, ni kuma ko shayi mai madara na sha sai cikina ya kumbura ya yi ta ƙugi har da zawo, amma ƙanena da muke uwa ɗaya uba ɗaya ko gwangwani guda ya shanye ba abin da ke samunshi. Maigidana ya ce abin cikin jininmu yake, yara ma za su gada. Gaskiya ne? Kuma na ji ana cewa akwai ƙwayoyi masu amfani cikin hanji, su ma gadonsu ake yi?"

To Hajiya, Alhaji bai yi ƙarya ba, amma ya haɗa abu biyu wuri guda. Mu Hausawa kalma ɗaya muke da ita, gado, alhali abin kala biyu ne. Akwai gadon jini, irin na sikila, wanda kowa ya sani yanzu tunda ana gwajin jinotayip kafin aure, wanga ba ruwanshi da inda anka raini yaro. Akwai kuma gadon gida. Ɗan masunci a Argungu da ya iya nutso da gora tun yana ɗan shekara bakwai, za a ce ya gada, amma da an ɗauke shi ranar suna an kai shi Gusau an raine shi, ƙila ko kwatami ba zai iya shiga ba. Maganar madarar ki ta jini ce. Olsar gidanku kuwa, ina kyautata zaton mafi yawanta ta gida ce. Su kuma ƙwayoyin hanji sun fi karkata ga gida nesa ba kusa ba, duk da jini yana sa hannu nan da can.

Bari in fara da su ƙwayoyin. Cikin hanjin babban mutum akwai bakteriya kimanin tiriliyan 38, ƙwayoyin jikinshi na kanshi kuwa kimanin tiriliyan 30, lissafin da anka gyara a 2016 ke nan, da can ana cewa sun ninka mu sau goma, ashe ba haka ba ne. In aka tara su duka ba su wuce giram 200 ba, kuma kusan dukkansu cikin babban hanji suke zaune. Aikinsu shi ne cinye abin da mu ba mu iya narkarwa, wato dusar hatsi da ɓawon wake da zare-zaren ganye, su maida shi wasu sinadarai, babba cikinsu ana ce mai butiret, wanda shi ne abincin fatar cikin hanji. Suna yin wasu bitamin, suna tare wuri kada miyagun su samu wurin zama, kuma su ke koya ma garkuwar jikin yaro wane ne ɗan gida wane ne baƙo. Shi ya sa raina ba ya son in ji ana kiransu ƙwayoyin cuta gaba ɗaya.

Daga ina suke zuwa? Ba cikin DNA suke ba, wato rubutun halittar da muke gada daga iyaye ta jini, ɗaukarsu ake yi. Jariri yana fara kwasa lokacin fitowa, daga jikin uwa, daga fatarta, daga nono, daga hannun kaka da goggo da duk wanda ya ɗauke shi, daga baya ƙasar da yake rarrafe a kai da akuyar tsakar gida. Kafin ya kai shekara uku hanjinshi ya kusa zama irin na manya. Kin san yadda Bafillatana take yi, ba ta sayen wani abu ta zuba ma madara, ɗan ragowar nonon jiya da ke jikin ƙwarya shi ke kama na yau. To haka uwa take ma ɗanta. Kuma wani abin mamaki, cikin nonon uwa akwai wasu nau'in sukari da jaririn ba ya iya narkar da su sam, abincin wata bakteriya ce mai suna Bifidobacterium, wato uwa tana shayar da ɗanta tana kuma kiwata mai ƙwayoyinshi. Nan ma jini ya ɗan shigo, don akwai wata ƙwayar gado FUT2 da ke yanke irin sukarin da nonon kowace mace zai ƙunsa.

Yadda masu bincike sunka raba gadon jini da na gida, tagwaye sunka nema. Hassan da Husainin da sunka fito daga ƙwai guda DNA ɗinsu iri ɗaya ne, waɗanda kuwa kowa da ƙwanshi kamar wa da ƙane ne kawai, rabi suke tarayya. In abu na jini ne, ya kamata na farko su fi kama da juna. A 2014 an duba bayan gidan tagwaye 416 a Ingila, ina nufin biyu-biyu har 416, sai anka ga eh, masu ƙwai guda sun fi kama, amma kaɗan. Wani dangin bakteriya da ake kira Christensenellaceae shi ne ya fi bin jini, kuma an fi samunshi wurin marasa ƙiba. Sai a 2018 masu bincike a cibiyar Weizmann ta Isra'ila sunka duba mutum 1,046, sunka ce in aka yi jimla rabon jini cikin bambancin ƙwayoyin hanji bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina cikin binciken nan, mutanen da ba su haɗa jini ba amma gida ɗaya suke kwana, kamar ke da Alhaji, hanjinsu ya yi kama, 'yan uwan jini kuwa da ba su taɓa zama gida ɗaya ba babu wata kamar kirki. Don haka ki faɗa mai cikin raha, shi ma yanzu ya shiga gadon.

Har gwaggon biri an bi, a dajin Amboseli na Kenya, shekara 14 ana tsintar kashinsu, biri 585, sakamakon ya fito a 2021. Sun ga kusan kowane nau'in ƙwaya jini yana da ɗan tasiri a kanshi, amma ɗan ƙarami, kuma yana sauyawa da rani da damina. Ni a fahimtata wanga shi ne hoton gaskiya, jini yana taɓa kusan komi amma da ɗan yatsa.

Yanzu madara, inda jinin ya sa hannu biyu. Cikin madara akwai sukari mai suna laktos, kuma ƙaramin hanji yana da sinadarin da ke fasa shi, laktes. Kowane jariri lafiyayye yana da shi isasshe, in ba haka ba ai ba zai rayu da nono ba. Bayan yaye sai jiki ya fara rage yin shi, kuma haka mafi yawan 'yan Adam suke, kusan biyu cikin uku na manyan duniya. Ke ce ta daidai Hajiya, ƙanenki ne ya fita daban. Al'ummomin da sunka daɗe da kiwo da shan ɗanyar madara dubban shekaru, cikinsu anka samu wani ɗan sauyi kusa da ƙwayar gadon LCT, wadda ke sa jiki ya yi laktes, sauyin ke hana ta rufewa har tsufa. Turawan arewacin Turai suna da shi, makiyayan Kenya da Tanzaniya suna da nasu daban, Larabawa masu raƙuma suna da nasu, Fulani kuma, abin mamaki, irin na Turawan ne ake samu cikinsu. Tun 1971 wani likita Ba'amurke Norman Kretchmer da abokan aikinshi sunka gwada wannan a Najeriya, sunka ga mafi yawan Fulanin daji suna narkar da laktos lafiya lau, Yarbawa da Ibo kuwa kusan dukkansu ba su iyawa, Hausawa mafi yawansu ba su iyawa su ma. To mu nan Zamfara da auratayya ta cakuɗa mu, wa zai rantse babu kaka Bafillatana cikin danginshi? In babanku ko innarku tana da kwafi ɗaya na wanga sauyi, kowane ɗa kamar jefa kwabo ne, ko ya samu ko ya rasa, kuma kwafi ɗaya ya isa. Ƙanenki ya samu, ke ba ki samu ba. Yaranki kuma ya danganta da abin da Alhaji yake ɗauke da shi.

In ba a fasa laktos ɗin a sama ba sai ya gangara babban hanji yadda yake, yana jawo ruwa, shi ne zawon, su kuma bakteriya su far mai su yi ta fidda iska, shi ne kumburin da ƙugin da tusar. A 2021 an haɗa bayanan mutum 18,340 daga ƙasashe daban-daban ana neman inda ƙwayoyin gado sunka fi juya ƙwayoyin hanji, wurin da ya fito ƙarara shi ne nan, LCT da Bifidobacterium. Masu irin jikinki da ke shan madara sun fi tara Bifidobacterium, don su ke samun abincin. Kin ga yadda abin yake aiki, jini bai shuka ƙwayar ba, abin da ke isa gare ta kawai ya canza. Kuma in mutum bai shan madarar sam, tasirin ba ya wani fitowa.

Nasan za ki ce to ai kina shan hura da nono ba ta cika damunki ba. Haka ya kamata. Nono da kindirmo bakteriya sun riga sun ci wani kaso na sukarin kafin ya zo bakinki, kuma suna shiga cikin da nasu sinadarin su taya ki. Man shanu kusan babu laktos cikinshi. Madarar gari da ta gwangwani su ke da shi cikakke, ga mai shayi ya zuba cokali huɗu don a ce yana da hannu. Yawancin masu irin wagga matsala suna iya ɗaukar kamar kofi ɗaya na madara in sun sha tare da abinci ba da cikin wofi ba, kuma in ana sha kaɗan-kaɗan kullum ƙwayoyin suna sabawa, damuwar ta ragu. Ki gwada da kanki, ki bar madara sati biyu cur, har da alawar madara da ayis kirim, in cikin ya kwanta ki dawo da ita da cokali ɗaya ki gani. Abu biyu dai: ɗanyar madarar shanu a tafasa ta kafin a sha ko a kwantar, saboda tarin fuka da wata cuta burusela da ke bin madara. Sannan don Allah kada wata ta karanta wanga ta cire jariri daga nono don yana zawo, maganar manya muke.

Olsa kuma. Da farko ba duk zafin ciki ne olsa ba, a wurinmu an maida kalmar kwandon zuba komi, ƙwarnafi olsa, yunwa olsa, damuwa olsa. Amma gyambon ciki na gaske mafi yawanshi abu biyu ke kawo shi, wata bakteriya H. pylori, da magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibuprofen da haɗin nan da ake ƙulla ma manoma da 'yan kabu-kabu a kemis. Likitoci biyu 'yan Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, su sunka gano ta a farkon shekarun 1980, da anka ƙi yarda Marshall ya ɗaga ruwan ƙwayar ya shanye don ya nuna, a 2005 anka ba su kyautar Nobel. Ana ɗaukarta ne tun ƙuruciya, cikin gida, ta miyau da ruwan sha da hannun da bai wanku ba bayan an fito ban ɗaki, da uwa ta tauna abu ta sa ma yaro a baki. Najeriya na cikin ƙasashen da ta fi yawa a duniya, mafi yawan manyanmu suna ɗauke da ita, mafi yawa kuma ba ta yi masu komi har su mutu. To gida guda, randa guda, moɗa guda, akushi guda, in baba yana da ita mi zai hana yayarki? Ga gadon nan, amma na randa ne. Jini yana da ɗan rabo, an daɗe da lura masu rukunin jini O sun ɗan fi samun gyambon farkon hanji, kuma ita ƙwayar tana maƙalewa ne a jikin wasu sukari na fatar tumbi da ke da alaƙa da rukunin jini. Ɗan ƙari ne dai, ba hukunci ba.

Daɗin abin, wagga ana kashe ta. Ana gwajin bayan gida ko na numfashi, na jini da ake yawan yi a ƙananan dakunan gwaji ba ya bambance wadda ke nan da wadda ta wuce, don haka ni ban cika dogara da shi ba. Kafin gwajin a dakatar da omefrazol, mai rage ruwan tsamin ciki, sati biyu, antibayotik sati huɗu, in ba haka ba ƙwayar ta ɓuya a ce babu. In an same ta magani na kwana 14 ne, haɗin antibayotik da mai rage ruwan tsami, a shanye duka, bayan wata ɗaya a sake gwadawa. Na ga dattijon da ya shekara goma sha yana yawo da kwalbar farin maganin olsa cikin aljihun babbar riga, ya bar yaji ya bar tsami ya bar azumin nafila, sati biyu na magani ya raba shi da abin.

Wancan FUT2 da na ambata, ita ke sa mutum ya fidda alamar rukunin jininshi cikin miyau da majinar hanji, wasu mutane, kamar ɗaya cikin biyar, ba su fiddawa. Ita alamar wani irin sukari ce, abinci ga wasu bakteriya, kuma mariƙin ƙofa ga wasu cututtuka, shi ya sa cutar amai da zawo ta norobairos kan shiga gida ta kada kowa ta bar mutum ɗaya da ba ya fiddawa yana ta jinyar saura. Rotabairos mai zawon yara ma haka take zaɓe. Kwalara kuwa an tabbatar ta fi tsanani ga masu jinin O. Amma wanda ya ga abin da ta yi mana a daminar 2021 ya san ba rukunin jini ya raba masu rai da matattu ba, ruwan sha ne da saurin samun ruwan gishiri da sukari. Rigakafin rota ya shiga jerin na yara a Najeriya tun 2022, a kai su.

Abin da ke hannunki shi ne tukunya. A 2010 an kwatanta yaran wani ƙauye a Burkina Faso, masu cin gero da dawa da wake da ganye kamar dai mu, da yaran birnin Fulorans na Italiya. Na ƙauyen hanjinsu cike da wata bakteriya Prevotella mai cin dusa, nau'o'in ƙwayoyinsu sun fi yawa, sinadaran nan masu amfani ma sun fi yawa. Wani zai ce ai jinsi ne ya bambanta, to a 2015 an ɗauki baƙaƙen Amurka 20 da mutanen karkarar Afirka ta Kudu 20 anka yi masu musayar abinci na sati biyu kacal. Na Amurka da sunka koma cin dusa butiret ɗinsu ya ninka fiye da biyu, alamun kumburin hanji sunka sauka, na Afirka da anka ɗora ma nama da maiƙo abin ya juye masu. Sati biyu fa, DNA ɗin kowa yana nan yadda yake. Ni abin da ke ba ni takaici, abin da Bature ke saye da tsada yanzu cikin kwalba shi muke gudu, an bar tuwon dawa da miyar kuka da daddawa, an bar hoce da kwaɗon zogale da rama da ɗanwake, an koma farar shinkafa da burodi da taliyar leda safe da dare, geron ma a surfe shi har sai ya yi fari tas a ba awaki dusar. Sai basir da bushewar ciki su zo a ce gado ne. Ba na ce a bar shinkafa ba, 'yan Kabi kada ku yi man ca, a dai haɗa ta da wake da ganye. Wanda bai saba ba ya ƙara a hankali, in ba haka ba iska za ta dame shi kwanakin farko.

Sai antibayotik, wanda shi ne babban mai ɓarna. Yaro ya yi zawo sau biyu an ruga kemis an amso filajil da seftirin, babba ya ji ciki ya murɗa ya haɗiye ja da yalo guda biyu. An taɓa ba lafiyayyun maza 12 haɗin antibayotik mai ƙarfi na kwana huɗu a Denmak, mafi yawan ƙwayoyinsu sun dawo cikin wata ɗaya da rabi, amma bayan wata shida akwai nau'i tara da ba a sake gani ba wurin mafi yawansu. Zawon yara galibi bairos ne, antibayotik ba ya taɓa shi, ruwan gishiri da sukari da zinki na kwana goma ake so, sai in da jini cikin bayan gidan ko zazzaɓi mai zafi ko yaro ya galabaita, nan asibiti za a tahi. In likita ya rubuta don lalura a sha, ba shi nake nufi ba.

Akwai binciken da nake yawan tunawa in na shiga ɗakin yara masu tamowa. A Malawi an bi tagwaye biyu-biyu har 317, gida ɗaya, tukunya ɗaya, amma sau da yawa ɗaya ya kumbura da tamowa ɗayan yana lafiya, har cikin masu ƙwai guda. Da anka ɗauki ƙwayoyin hanjin mai tamowar anka sa ma ɓeraye tare da irin abincin ƙauyen, sai ɓerayen sunka rame. An buga shi a 2013. Jini ɗaya ne, hanjin ne ya bambanta.

Inda nake son ki ɗauki maganar gado da gaske shi ne kansar hanji. In a dangi na kusa, uwa ko uba ko wa ko ƙane, an samu wanda ta kama, musamman kafin shekara 50, to wanga a faɗa ma likita, don akwai nau'in da ke bin jini kai tsaye kuma ana fara leƙa hanji da na'ura da wuri. Haka in babanku ko yayarki sun ga baƙin bayan gida kamar kwalta, ko aman jini, ko rama ba dalili, ko abinci yana tsaya masu a ƙirji, ko jini yana yawan ƙarewa, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a tahi babban asibiti a Gusau ko Sakkwato a leƙa cikin.

Masu tallan kwalaben ƙwayoyi masu amfani da masu cewa a aiko da kuɗi a auna DNA a faɗa maki abincin da ya dace da jininki, ni ban ga abin da za su ƙara maki ba a yanzu, kuɗin ki sai wake da kindirmo mai tsabta. Ki fara da gwajin barin madarar nan na sati biyu, baba da yaya su je a yi masu gwajin H. pylori na bayan gida, in ya nuna suna da ita ke ma ki yi tunda randa ɗaya kunka sha kuna yara. In kin gama sati biyun ki rubuto man abin da kinka gani.